Na'urar Gano Radar a Mota: Yadda Take Aiki da Abin da Ba Ta Iya Yi wa Direba

A kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi zuwa Karshi, direbobi sun daɗe da hanyarsu ta gargaɗin juna: wanda ya wuce jami'ai sai ya ƙyafta wa mai zuwa fitila. Na'urar gano radar, wadda ake maƙalawa a gilashin gaba, wannan aikin take yi, sai dai da lantarki.

Bindigar auna gudu da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke riƙewa tana harba igiyar rediyo zuwa ga mota. Igiyar ta bugi jikin motar ta dawo da ɗan sauyi, kuma daga girman sauyin ake lissafa gudun. Ita na'urar direba saurare kawai take yi. Da ta ji igiyar sai ta yi ƙara. Nan ne rauninta yake. Idan jami'i bai kunna bindigar ba sai da motar ta iso, ko kuma yana amfani da mai hasken leza, wadda haskenta siriri ne ƙwarai, kafin ƙarar ta tashi an riga an ɗauki gudun. Ƙofofin manyan kantuna masu buɗe kansu ma kan sa ta kuka a banza.

Rediyon sauraren 'yan sanda kuwa kasuwarsa na ja baya, domin rundunoni da yawa a duniya sun koma sadarwar da ake kullewa da lambobin sirri.

Dokoki sun sha bamban. A Amurka an yarda da na'urar a motar gida, ban da jihar Bajiniya da birnin Washinton, amma an haramta ta a manyan motocin kasuwanci. Faransa ta hana ko da ajiye ta a mota, tarar kuma kan kai Yuro 1,500.

Najeriya ta bi ta wata ƙofar. Daga 1 ga Fabrairun 2017, FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda ke hana injin wuce iyaka ko da jami'i ko babu. Ƙa'idar motar gida ita ce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyin gudu.

Iyakar cikin gari ce ta fi shafar Jikwoyi, inda Keke Napep da 'yan acaɓa da masu talla ke raba kwalta ɗaya da motoci. A gudun kilomita 50, mota na cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Idan gudun ya ninka, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Na'urar na iya sanar da direba cewa jami'i na gaba, amma ba ta jin yaron da ya fito daga bayan motar haya zai tsallaka titi.