Soyayya, camama ko tarihi? Ciwon kan ɗalibai masu shirya gajeren fim a Birnin Kudu da Gwaram

Ranar da malami ya shigo aji ya ce kowane rukuni ya kawo gajeren fim kafin ƙarshen zango, murna ake yi. Kowa ya hango kansa ya zama darakta. Ɗalibin da ya fito daga Birnin Kudu ko Gwaram, ko a Kano yake karatu, ko a Zariya, ko a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, lissafin farko da yake yi shi ne ya kwashi abokan aikinsa su tafi gida. A gida ba kuɗin lokeshin, ba kuɗin masauki, tuwo kuma Inna za ta tuƙa. Sai an sauka daga mota, an zauna a dakalin ƙofar gida da biro da takarda, sannan rigimar ke tashi: wai shin wane irin fim za a yi?

Wannan ya ce soyayya, don ita mutane ke kallo. Wancan ya ce a'a, camama ta fi sauƙi. Na uku, wanda tun a mota yake leƙen duwatsu ta taga, ya rantse in ba fim ɗin tarihi aka yi da dawaki da takubba ba, to an yi asarar zuwa. Sai a cinye kwana biyu ana musu, alhali hutun gaba ɗaya bai fi mako biyu ba. Kuɗin kuma karo-karo ne: wani a kuɗin abincinsa ya gutsura, wani akuyar mahaifiyarsa aka kai kasuwa. In fim ya lalace, maki ya tafi, kuɗi sun tafi, ga kunyar mutanen unguwa da suka ga ana ta zirga-zirga da kyamara.

Ba laifin mai son soyayya ba ne, da ita aka raine shi. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki Turmin Danya a Kano a 1990, ba a daɗe ba soyayya ta karɓe ragamar industiri. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga littafi ya koma fim a 1994. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja, ya fito a 1999, Wasila ya biyo baya a 2000, daga nan waƙa da rawa suka zama kamar farilla a duk fim ɗin da 'yan fim ke kira "santimental". To amma a duba yadda aka gina waɗancan finafinan. Don kaset aka yi su, galibi kashi na ɗaya da na biyu, a lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata ke yanke hukuncin abin da zai sayu. Suna da filin da za a haɗu, a shaƙu, iyaye su ƙi, ɗan mai kuɗi ya shigo, a yi kuka, a shirya. Ɗalibi kuwa minti goma ko sha biyar aka ba shi. Waƙa ɗaya ta cinye biyar. Kafin a sauka daga kan dutse ana mamin, rabin fim ya wuce ba a san sunan uban yarinyar ba. Ga kuɗin situdiyo da na mai fiyano, waɗanda ba sa cikin lissafin kowa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce jaruma. A Kano akwai 'yan mata da suka ɗauki fim sana'a, ka biya su su zo. A Gwaram fa? Ƙanwar aboki ce ko 'yar maƙwabta, wadda sai an je an durƙusa gaban mahaifinta. Iyaye da dama ba su manta da hayaniyar 2007 ba, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ta tsaurara, har wasu 'yan fim suka shiga gidan yari. Yau kuma abin ya ƙara sauri: daƙiƙa talatin na waƙa aka yanko aka ɗora a TikTok, kafin la'asar ya zagaye gari ta WhatsApp. Darakta zai koma makaranta ya karɓi makinsa. Ita yarinyar a garin za ta zauna, a nan za a zo neman aurenta. Duk ɗalibin da bai sa wannan a ma'auni ba, bai gama shiri ba.

Ba wai an haramta soyayya a gajeren fim ba ne. In dole sai ita, a ɗauki lokaci guda ɗaya tak daga cikinta. Misali daren da saurayi ya zo zance da niyyar faɗa mata zai tafi cirani, ya yi ta kewaye-kewaye bakinsa ya ƙi buɗewa. Ko a ba da labarin ta idon ƙaramin yaron da ake aika ya yi sallama da ita, wanda ya fi kowa sanin samari nawa ke zuwa. Zaure ɗaya, tabarma ɗaya, mutum uku, ba waƙa, ba gidan bene na aro.

Masu cewa camama ta fi sauƙi, marigayi Rabilu Musa Ibro suke tunawa. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren: finafinai irin su Ibro Awilo da Ibro Usama ba su dogara da manyan gidaje ko motoci ba, kuma mutumin Ɗanlasan ne, can wajen Wudil, kan hanyar da ɗan Birnin Kudu ke bi in za shi Kano. Sai dai abin da ya riƙe waɗancan finafinan shi ne Ibro kansa, wanda ya san daidai lokacin da zai yi shiru da lokacin da zai zaro ido. Tun rasuwarsa a Disambar 2014 ake neman madadinsa. Shi kuwa abokin nan da ke kashe 'yan aji da dariya, da an ce "akshin" sai ya daskare, ko ya koma ihu da faɗuwa ƙasa. Barkwancin da ke tsira a hannun sababbin 'yan wasa shi ne wanda dariyar ke cikin labarin tun a takarda, yadda ko da fuska a murtuke aka yi shi zai ba da dariya. A kuma kula da wanda ake yi wa dariyar. A ƙaramin gari, in ka kwaikwayi tafiyar wani mai shayi ko maganar wani Bafillace mai kawo nono, kowa ya san da wa kake.

Tarihi kuwa rijiya ce mai cin kuɗi. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya ɗauka a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ƙarfin gwamnati aka yi shi. Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura kuma Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, taron jama'a ne da dawaki da sutura ta musamman. Ɗalibi zai iya aron doki ɗaya, wataƙila biyu. Amma duk inda ya juya kyamara akwai rufin kwano, turken wutar lantarki, ko ƙarfen sabis na waya a bayan sarkin yaƙi. An gyara wannan, sai ga ɗan acaɓa ya ratsa da ƙara, ko dogari ya shigo da silifas ɗin roba. Kai, ba a cewa komai!

Duk da haka, wanda ya ƙura wa duwatsun nan ido ya fi sauran kusa da amsa, hanya ce kawai ya kuskure. Birnin Kudu na da abin da furodusan Kano ba zai iya ginawa da kuɗi ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse tun zamanin da ba wanda ya san sunayensu. A 1955 wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ba da rahoton duwatsu masu amo a wurin, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, saboda haka izini ake nema kafin a shiga da kyamara, kuma ba a taɓa zanen, ba a yayyafa masa ruwa wai don ya fito raɗau a hoto.

Da ɗalibai sun ga kogo, tunaninsu aljanu. Kuma a gaskiya ban tsoro na daga cikin nau'o'in da suka fi dacewa da gajeren fim, domin wuri ɗaya da fargaba ɗaya sun isa. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne. Na farko dare: kyamarar waya, duk tsadarta, in haske ya yi ƙaranci sai hoto ya cika da dishi-dishi, in kuma an kunna janareta ƙararsa ta cinye maganar 'yan wasa. Na biyu siddabarun kwamfuta. Masu kallo sun sha ganin boka ya ɓace ɓat da walƙiya mai launin kore, kuma dariya suke yi. Dabarar ita ce a bar aljanin a ɓoye. A ɗauki hoto da asuba ko dab da magariba, a sa yaro mai kiwo yana neman tunkiyarsa da ta ɓata, sai ya ji amon dutse daga inda ba kowa. Ya tsaya, amon ya tsaya. Ya taka, ya dawo. Sauti ne zai yi aikin da kuɗi ba su yi ba, don haka in akwai abu ɗaya da ya kamata a yi haya, makirfo ne mai kyau.

Akwai kuma hanyar da matasa ke rainawa, wato dokumentari, fim ɗin abin da ke akwai. Ba jaruma, ba sutura, ba haddar layi. Akwai dattawan da suka yi wasa a kan duwatsun nan suna yara, akwai masu gadin wurin. Sai dai a sani, dasa kyamara gaban tsoho a kan kujera yana magana minti goma ba fim ba ne, hirar rediyo ce. A bi shi ya hau, ya nuna, ya buga dutsen da hannunsa.

Wanda har yanzu yake ganin ƙaramin labari raini ne, ya nemi Borom Sarret na Ousmane Sembène ya kalla. A 1963 aka yi shi, bai wuce minti ashirin ba, kuma ana lissafa shi cikin tubalan farko na fim ɗin Afirka. Labarin yini ɗaya ne na wani mai keken doki a Dakar ta ƙasar Sanagal. Ya ɗauki wannan bai biya ba, ya ɗauki wancan bai biya ba, a ƙarshe wani mai kwat ya ja shi unguwar masu hali inda aka hana irin kekensa shiga, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu rabbana. Shi ke nan fim ɗin. Irin wannan mutumin yana nan birjik a kudancin Jigawa: mai amalanken shanu da ke kai buhuna kasuwar Sara, ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a Babaldu, mai fito da kwalekwale in kogi ya kawo da damina. Ba sai an koya masa aktin ba, aikinsa zai yi.

Masu son faɗa irin na Indiya ko na Caina su ma ba a bar su a baya ba, ga maƙwabci a Jamhuriyar Nijar. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi fim ɗin kaboyi a 1966. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Alassane bai yi ƙoƙarin mayar da ƙauyen ya zama Amurka ba. Kwaikwayon da samarin ke yi shi ne labarin. Ɗalibin Gwaram da ya haddace duk faɗan finafinan Indiya na fassara zai iya yin makamancin haka, kuma zai fi masa kyau a kan ya sa abokansa dambe na ƙarya da ƙarar naushi ta kwamfuta.

Saboda haka kafin a ambaci soyayya ko camama a dakalin nan, gara a fara da rubuta abin da ke hannu. Mutum nawa ne za su iya tsayawa gaban kyamara ba su yi dariya ba? Wane gida aka tabbatar za a bari a shiga? Kwana nawa? Wane lokaci ne na shekara? Da damina duwatsu da gonaki sun yi shar, amma hadari na iya tashi a tsakiyar sin ya ɓata kwantiniti. Da hunturu hazo na dusashe nesa, iska kuma na hura makirfo. A ƙa'idar marubuta, shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo, don haka wanda ya zo da shafi arba'in ya riga ya fita daga abin da malami ya nema, ya ma kai iyakar minti 40 da masu gasar Oscar suka yanka wa gajeren fim. In an gama wannan lissafin, sau da yawa nau'i ɗaya ko biyu ne kawai ke saura a takarda, musun kwana biyu ya koma na rabin awa.

Sai gaisuwa. Mai unguwa da dagaci su san da zuwan kyamara kafin su ji a bakin yara, a kuma faɗa masu labarin yadda yake, ba a ce na faɗakarwa ne alhali akwai rawa a ciki. Fim ɗin da ya yi kyau ba a teburin malami yake ƙarewa ba: bikin Zuma da Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya ke yi a Abuja na karɓar ayyukan ɗalibai, haka bikin KILAF na finafinan harsunan Afirka da aka fara a Kano a 2018 na karɓar gajerun finafinai. Dukkansu za su so a sa fassarar Turanci a ƙasan hoto, aikin da shi ma ke cin kwana biyu ko uku a wajen editin, kuma ba kasafai ake tunawa da shi ba sai ana gobe za a miƙa.