Mutafannini Ba Ya Jin Kunyar Cewa "Ban Sani Ba"

Na gaji da yadda ake rabon laƙabin "Allama" a majalisun Ƙofar Kware ta Sakkwato da shafukan Facebook kamar goron suna. Yaro ya sauke littafi biyu, ya iya lanƙwasa murya, shi ke nan ya zama tekun ilimi.

Malamin da ya ƙware a fannoni da dama shi ake kira mutafannini. Inda gizo ke saƙa shi ne zaton da jama'a ke yi wai irin wannan malami ba ya rasa amsa. Wane mutum! Ko Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya yi suna wajen cewa "ban sani ba".

Kuma bai kamata Basakkwace ya ruɗu da wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ut Ta'wil a tafsiri, Bahrul Muhiɗ a nahawu, Diya'ul Hukkam a sha'anin mulki. Amma a Ida'un Nusukh sai da ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a gabansu, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu har Malam Jibrilu ɗan Umar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisur, ya kuma yi rubutu kan maganin ciwon ido. Kowane fanni sai da suka durƙusa suka koya.

Na yanzu fa? Da safe fatawar gado, da rana ya hana mai ciwon suga shan maganinsa, da dare ya ce mai taɓin hankali aljanu ne, a ɗaure shi a ɗaka, alhali ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Kware. Son suna ne da kwaɗayi, amma mu masu tambayar muna da namu laifin.

Don Allah kafin ka miƙa wa mutum addininka ko lafiyarka, bincika wa ya karantar da shi, wane littafi ya sauke, kuma a wane fanni. Lura ko ya taɓa tura mai tambaya wurin wanda ya fi shi. Matsalar gado ka kai wa masanin fara'ili, ciwo ka kai wa likita, a haɗa da addu'a. Saƙon WhatsApp mai ɗauke da fatawa da magani a tare kuwa, kada ka tura shi gaba sai ka san daga bakin wa ya fito.