Yakuwa: Miya a Damina, Kuɗin Zoɓo a Kaka

 Da yawanmu mun baro gonaki a gida, a nan kuma fili kaɗan ne. Shi ya sa muka zaɓi yin bayani kan yakuwa, wadda wasu ke kira sure, domin ko a bayan tanti za ta yi.

Yakuwa dangin kuɓewa ce da rama da auduga. Takan kai tsawon mita 2 idan ta sami ƙasa mai kyau. Furenta ruwan ɗorawa ne mai haske, da ja a tsakiya, kuma yini ɗaya yake yi ya bushe. Abin da muke kira zoɓo ko zoɓorodo shi ne jan kwanson da ke riƙe furen, wanda ke yin kauri bayan furen ya faɗi. A cikinsa ne 'ya'yan suke, wato gurguzu. A kasuwar Malanville za ku ji ana ce wa zoɓo bisap, Zabarmawa kuma suna kiran yakuwa gisima.

Babu abin yarwa a jikinta. Ganyen na shiga miya da fate, a ci ɗanye ko a shanya don rani. Zoɓon a sha, a sayar. Gurguzun a yi daddawar batso da shi, a ware na iri.

Abu mafi muhimmanci shi ne lokacin shuka. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko ta girma ko ba ta girma ba. Wanda ya shuka a Yuni ko farkon Yuli, da zarar ruwa ya zauna, zai sami mai rassa da yawa. Wanda ya makara har Agusta, tasa za ta yi fure tana ƙarama, zoɓon kuma bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda ake yi:

1. A nemi wuri mai tudu da rana. Yakuwa na jure ƙarancin ruwa, amma saiwarta na ruɓewa inda ruwa ke kwanciya. Mun san yadda Kogin Neja ke cika a Agusta da Satumba, don haka a guji kwari.
2. A sa ƙwaya 3 zuwa 5 a rami mai zurfin gaɓar yatsa, a bar taki ɗaya tsakanin ramuka. Takan tsiro cikin mako guda.
3. Bayan mako 3, a cire raunana a bar biyu. Waɗanda aka cire na miya ne.
4. Marar fili ya cika babban buhu da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya huda ƙasansa. Ruwan alwala ya isa ban ruwa.
5. Mai son zoɓo kada ya tsige ganye duka. A ware 'yan gindi na miya, a bar sauran.
6. A cire zoɓo mako 2 zuwa 3 bayan faɗuwar fure. A shanya kan tabarma mai tsabta, ban da ƙasa, har ya bushe sarai. Mai damshi yana fumfuna, mai saye kuma ba ya dawowa.

Masu dafa zoɓon sayarwa, ku yi amfani da ruwan famfo ko tafasasshe, har wajen sirki da wanke gora, saboda gudawa da kwalara. Zoɓo na saukar da jini, don haka masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini su tambayi ma'aikatan asibitin sansani kafin su yawaita sha.

Kafin a yi shuka a wajen sansani, a nemi izinin mai filin ta hannun shugabannin unguwa. Wanda ya zo da gurguzu daga gida, ya taimaki maƙwabcinsa da ɗan iri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.