Koyar da Sarrafa Dukiya Cikin Sigar Wasa: Tsakanin Jarrabawar da Shari'a ta Yi Umarni da Ita da Tarkon Caca

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dabarar nan ta zamani ta koyar da tattalin kuɗi cikin sigar wasa, ta duba asalinta da abin da bincike ya nuna game da amfaninta, sannan ta auna ta da abin da malaman fiƙihu suka faɗa a kan jarraba yaro kafin a miƙa masa dukiyarsa. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, wasa yana cusa wa mai yin sa halin da ake ba da lada a kansa, ba wanda aka rubuta a manufa ba. Don haka ingancin kowane wasa na koyarwa yana rataye ne a kan tambaya guda: me ake saka wa ɗalibi a kansa?

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Kiyaye dukiya yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su. Sai dai ɗalibi yakan iya haddace babin ciniki da na zakka tun daga farko har ƙarshe, amma ranar da albashin farko ya shigo hannunsa ya ƙare kafin tsakiyar wata. Sanin hukunci daban, iya riƙon kuɗi daban. Matsalar kuma ba ta wata al'umma ɗaya ba ce. Wani bincike da kamfanin Standard & Poor's ya ɗauki nauyi a 2014 a ƙasashe sama da 140 ya gano cewa kusan mutum ɗaya ne kacal cikin manya uku ya fahimci ginshiƙan lissafin kuɗi. Wannan giɓi ne ya sa masana tarbiyya suka koma neman hanyar da ɗalibi zai gwada da hannunsa, ba ya tsaya ga sauraro kawai ba.

Ma'anar Dabarar da Asalinta

Abin da ake nufi da koyarwa cikin sigar wasa shi ne a ɗauko kayan da ake gina wasa da su, a saka su cikin al'amarin da ba wasa ba. Kayan sun haɗa da maki, da matakai da ake hawa ɗaya bayan ɗaya, da lambar yabo, da allon da ke jera sunayen 'yan takara, da labari mai jan hankali, da kuma sakamakon da ake gani nan take. Sunan da Turawa suka raɗa wa dabarar ya yaɗu ne wajejen 2010, lokacin da wayoyin hannu masu manhajoji suka bazu, amma aikin kansa ya girmi sunan.

A 1904 wata Ba'amurkiya mai suna Elizabeth Magie ta yi rajistar wani wasan allo da ta ƙirƙira domin nuna wa mutane yadda mallake filaye a hannun 'yan tsiraru ke talauta masu haya. A 1977 aka fara wani wasa na kasuwar hannun jari a makarantun Amurka, wanda a cikinsa ake ba rukunin ɗalibai dala 100,000 ta ƙage su juya. A yau kuwa bankuna da kamfanonin manhajoji suna ba mai ajiya tauraro ko lamba idan ya cika burin da ya ɗaukar wa kansa.

Hikimar da ke ciki a fili take. A rayuwa, sakamakon kuskuren kuɗi yakan jinkirta: wanda ya ci bashi yau ba ya jin zafinsa sai bayan watanni, lokacin da gyara ya yi wuya. Wasa yana taƙaita shekara ta koma sa'a guda, ɗalibi ya yi kuskure, ya ga ƙarshensa, ya sake gwadawa, ba tare da ya yi asarar ko sisin kwabo ba.

Abin da Bincike ya Nuna

Bai kamata a zuzuta lamarin fiye da ƙima ba. A 2014 wasu masana uku, Fernandes da Lynch da Netemeyer, sun tattara sakamakon bincike 201, suka gano cewa tasirin darussan kuɗi a kan halayyar mutane kaɗan ne ƙwarai, kuma yana dushewa idan lokaci ya ja. Shawarar da suka bayar ita ce a kusantar da darasi da lokacin da mutum zai yanke shawara. A 2022 kuma Kaiser da Lusardi da abokan aikinsu suka nazarci gwaje-gwaje 76 daga ƙasashe 33, suka samu cewa koyarwar tana ƙara sani kuma tana gyara hali. Idan aka haɗa biyun, abin da ke fitowa shi ne koyarwa tana amfani, amma yadda aka yi ta da lokacin da aka yi ta su ne ke tabbatar da amfanin.

Akwai kuma gargaɗi daga masana halayyar ɗan Adam. A wani gwaji da Lepper da abokansa suka wallafa a 1973, yaran da aka yi wa alkawarin kyauta idan sun yi zane sun rage sha'awar zanen bayan an daina ba da kyautar. Ke nan wanda ya saba yin ajiya domin tauraron da ke bayyana a waya, ana jin tsoron ya daina ranar da tauraron ya ɓace.

Asalin Lamarin a Fiƙihu

Mai karatu zai iya ɗauka cewa duk wannan baƙon abu ne, alhali ƙashin bayansa yana cikin littattafanmu. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wanda bai san ƙimarta ba, aya ta 6 kuma ta umarci waliyyai su riƙa jarraba marayu har su isa aure, idan an ga shiriya a tare da su sai a ba su dukiyarsu. Wannan shiriya ita ce malamai ke kira rushdu. A wajen Imamu Malik da Imamu Abu Hanifa, rushdu shi ne iya kula da dukiya. Imamush Shafi'i ya ƙara da gyaruwar addini.

Yadda malamai suka siffanta jarrabawar shi ne abin lura. Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa ana iya damƙa wa yaro cefanen gida na wata guda, ko a ba shi ɗan abu kaɗan ya juya, waliyyi yana sa ido. Annawawi kuma ya bayyana a Minhajuɗ Ɗalibin cewa ana gwada kowane yaro da sana'ar gidansu: ɗan falke da saye da sayarwa da tayi, ɗan manomi da noma da biyan 'yan ƙodago. Ba a wadatuwa da gwaji ɗaya, sai an maimaita. Kuma a mazhabarsu yaron yana yin tayi ne har a daidaita, sannan waliyyi ya ƙulla cinikin.

Sharuɗɗa huɗu sun fito daga wannan bayani: gwajin ya yi kama da rayuwar da yaron zai shiga, asarar da za a iya yi ta kasance 'yar kaɗan, a maimaita, kuma babba ya kasance yana lura. Waɗannan su ne ainihin sharuɗɗan da wasan koyarwa nagari ke cikawa. Al'adar ƙasar Hausa ma ba ta rasa irin wannan ba, domin asusun ƙasa da yaro ke jefa kwabo a ciki har Salla, da 'yar akuyar da ake ba shi ya kiwata, duk makaranta ce ta haƙuri da lissafi.

Shigar da nishaɗi cikin koyarwa shi ma yana da asali. Bukhari ya ruwaito a littafin ilimi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sahabbai tambaya mai kama da kacici-kacici game da itaciyar da ta yi kama da musulmi, suka yi ta laluben amsa kafin ya ce dabino ce. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da ulu domin su jure azumin Ashura. Algazali kuma ya yi gargaɗi a Ihya'u cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya.

Inda Haɗarin Yake

Wasan Elizabeth Magie ya ishe mu darasi. Ta yi shi ne domin a ƙyamaci mamaye dukiya, amma daga gare shi aka samo wasan Monopoly da kamfanin Parker Brothers ya fara sayarwa a 1935, wanda gwaninsa shi ne wanda ya tsiyata kowa. Manufar ta ɓace, ƙa'idar cin wasa ta zauna. Haka nan wasan hannun jari na 'yan makonni: idan wanda ya fi riba ne zakara, to wanda ya zuba komai a wuri ɗaya mai haɗari shi ya fi kusa da lashewa, alhali wannan ɗabi'a ce mai rusa gida.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ita ta fi ɗaure mai nema, kuma a kan wannan aka gina injinan caca. Wasu manhajojin kuɗi sun aro dabarar. A Disambar 2020 hukumomin jihar Massachusetts ta Amurka sun tuhumi kamfanin Robinhood da mayar da cinikin hannun jari kamar wasa domin jan marasa ƙwarewa, a 2021 kuma kamfanin ya cire furannin murnar da ke zubowa a fuskar waya. A nan gida, wanda ya ga yadda mutane suka yi asara a MMM a ƙarshen 2016, da yadda shagunan cacar ƙwallo suka cika da matasa, ya san cewa ƙofar a buɗe take.

Mizanin fiƙihu a nan bayyananne ne. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haramta caca, suka ambaci illarta: gaba da ƙiyayya da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Duk gasar da 'yan takara za su zuba kuɗi, wani ya kwashe bisa sa'a, caca ce ko da an kira ta darasi. Idan kyautar daga makaranta ko wani mai taimako ta fito, ba daga aljihun ɗalibai ba, to babu caca a ciki. Hadisin da ya taƙaita gasar kyauta ga harbi da tseren raƙuma da dawaki, malaman Hanafiyya da Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun riskar da gasar ilimi da shi, kuma musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara a 1986 misali ce da kowa ya sani. Amma ajiyar da ake jan mutane zuwa gare ta da ƙuri'ar kyauta, irin takardun lamunin da Birtaniya ta ɓullo da su a 1956, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta haramta irinsu a zamanta na Jidda a 1990, domin rance ne da aka sharɗanta amfani a kansa, ga kuma kamannin caca. Sannan saboda hanin da ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim game da wasan nardu, ya fi aminci mai tsara wasa ya bar 'ya'yan ludo, ya yi amfani da katunan tambaya.

Yadda Za a Tsara Shi a Aji

Ga misali na abin da malami zai iya yi da takarda da alƙalami kawai. A raba aji gida-gida, kowane gida ya samu kuɗin takarda naira 100,000 a matsayin abin da ke shigowa a wata, kowane darasi kuma ya tsaya a madadin wata guda. Gida zai tsara abinci da haya da kuɗin makaranta da ajiya. Sai malami ya buɗe katin abin da ya faru: yaro ya kwanta asibiti, farashin masara ya tashi, bikin 'yar uwa ya taso, Babbar Salla ta ƙarato. Gidan da ya rasa yana da zaɓi: ya taɓa ajiya, ya nemi rance mai kyau daga maƙwabta, ya shiga adashi, ko ya karɓi bashin ruwa. Idan aka ƙaddara ruwan kashi 15 cikin ɗari a wata yana hawa kan uwar kuɗi, bashin naira 20,000 zai haura 46,000 cikin wata shida. Ɗalibin da ya lissafa wannan da hannunsa ya fahimci ayoyin riba fahimtar da lacca ba za ta ba shi ba. Kuɗin takarda ba dukiya ba ce a shari'a, kuma nuna riba domin a ga ƙarshenta daban yake da ba da maki a kanta.

Ruhin wasan yana wajen rabon maki. A ba da maki ga gidan da ya rubuta bashi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Da wanda ya biya a kan lokaci. Da wanda ya fitar da zakka daidai, wato naira 25 a kowace 1,000 idan nisabi ya cika kuma shekara ta zagayo. Da wanda ya yi tanadi domin shekarar fari, irin tsarin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da wanda ya tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro kamar yadda aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yaba. Kada a ce wanda ya fi tara kuɗi shi ne gwani. A bar ƙofa a buɗe ta yadda gidaje da dama za su iya cin nasara tare. A kuma guji allon da ke tona asirin na ƙarshe, domin kunyatarwa ba ta haifar da rushdu. Bayan kowane zagaye a zauna a tattauna dalilin kowace shawara, daga bisani kuma a roƙi iyaye su damƙa wa ɗalibin cefanen mako guda na gaske.

Kammalawa

Koyar da sarrafa dukiya cikin sigar wasa hanya ce, hukuncinta kuma yana bin abin da take kaiwa gare shi. Idan ta ba ɗalibi filin gwaji mai aminci, ta saka masa a kan amana da haƙuri da lissafi, to ta shiga cikin jarrabawar da malamai suka siffanta tun ƙarnoni da suka shuɗe. Idan kuwa ta saba masa da jiran sa'a da zumuɗin riba ta dare ɗaya, to share fagen caca take yi, ko da sunanta darasi. Ya rage ga sassan nazarin addinin Musulunci da na tarbiyya su haɗa hannu su tsara irin waɗannan wasanni da harshen Hausa, su gwada su a makarantu, su kuma auna ko halin ɗalibai ya canza bayan an naɗe allon wasan. Allah ne Mafi sani.