Labarin Nahalal, Ƙauyen Manoma 'Yan Gama Kai

Ya ku manoma da dagatai, ga labarin wani ƙaramin ƙauye na Yahudawa, sunansa Nahalal. An kafa shi cikin watan Satumba na 1921, zamanin da Ingilishi ke riƙon ƙasar Falasɗinu. Tun daga 1948 yana cikin ƙasar Isra'ila. Shi ne na fari cikin ƙauyukan da su ke kira moshab na ma'aikata, watau ƙauyen da kowane magidanci ke da gonarsa, amma saye da sayarwa a tare a ke yi.

Yadda Ƙasar Ta Ke

Ƙauyen na cikin wani kwari mai fāɗi, Yahudawa na ce da shi Yizre'el, Larabawa kuwa Marj Ibn Amir. Birnin Nazarat na gabas da shi bisa tuddai, Dutsen Karmel na yamma. Ƙasar wurin baƙa ce mai laka, irin ta fadama. Daminarsu daban ta ke da tamu, gama ruwa na sauka ne lokacin ɗari, tun daga wajen Oktoba har Afrilu, sa'an nan a yi wata biyar ko ɗigo babu. Saboda haka alkama da sha'ir su ne hatsinsu.

A dā ruwan maɓuɓɓugai ya kan kwanta cikin kwarin, sauro ya yi ta haihuwa, zazzaɓi ya addabi mutane. Da baƙin nan suka zo, sai suka kafa tantuna bisa tudu tukuna. Aka haƙa magudanai, aka janye ruwan, kāna suka sauko suka yi gini.

Mu sani fa, wurin ba kango ba ne. Asusun ƙasa na Yahudawa ne ya sayi filin daga hannun gidan Sursuk, attajiran Bairut. Kusa da nan akwai ƙauyen Larabawa, Ma'alul, wanda mutanensa ke noman haya da kiwo a ƙasar nan tun kaka da kakanni, amma ba su da takardar mallaka. Cinikin ya rage musu gonaki ƙwarai. A yaƙin 1948 ƙauyen ya watse, aka rushe shi, yawancin mutanensa suka koma Nazarat da kewayenta.

Tsarin Gari

Wani gwanin tsara gine-gine, Richard Kauffmann, shi ya zana garin kamar faifai. A tsakiya aka sa makaranta da ɗakin taro da ma'ajin kaya. Gidajen manoma 75 suka kewaye su, bayan kowane gida ga garke da akurki, daga nan gona ta miƙe waje, tana ƙara faɗi. Rabon kowane gida dunam 100 ne, watau wajen eka 25. Hannah Meisel kuma ta buɗe makarantar koya wa 'yan mata noma da kiwon kaji da shanu a nan.

Dokokinsu

Eliezer Yoffe, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa garin, shi ya tsara ka'idodin. Na ɗaya, ƙasa ta jama'a ce, haya a ke ba manomi, ba shi da ikon sayarwa. Na biyu, kowa ya yi noma da hannunsa da na iyalinsa, ban da 'yan ƙodago. Na uku, in ciwo ya kwantar da mutum, maƙwabta su nome masa, kamar dai gayyarmu. Na huɗu, iri da kayan aiki a saye su a dunƙule, madara da ƙwai a sayar a dunƙule, don kada dillali ya cinye riba. Ba a kuwa raba gona wajen gādo. Ɗa guda ke karɓarta ɗungum, don kada ta tsinke ta kāsa ci da gida.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Ƙauyukan nan sun saba kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa wajen cin bashi. Muddin bashin kaɗan ne, abin ya yi amfani. Amma da aka daɗe, sai wasu suka riƙa ci fiye da ƙarfinsu, tun da sun san jama'a za ta biya. A 1984 tsadar kaya a Isra'ila ta haura kashi 400 cikin ɗari, da gwamnati ta ɗaure al'amarin kuɗi a 1985 sai bashi ya danne ƙauyuka da yawa, mai tattali ya biya na almubazzari. Daga nan galibinsu suka bar lamunin juna, dokar hana 'yan ƙodago ma ta yi sanyi.

Abin Lura

Dagaci, in jama'arka za su kafa ƙungiyar gama kai, ka tabbata an rubuta hakkin kowa bisa ƙasa a gaban shaidu, har da mai aro da makiyayi. Ku janye kwantaccen ruwa daga bakin gari kafin damina ta kankama. Ku haɗa kai wajen saye da sayarwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma wajen bashi, a yanka wa kowa iyaka gwargwadon amfanin gonarsa, a kuma karanta littafin lissafi a bainar jama'a kowace kaka.