Mako guda a daji: sansanin matasa Kiristoci

Da an rufe lakkol, damina ta kankama, sai matasan majami'u su ɗaure tabarma da sange su fita bayan gari. Addu'a da asuba, karatun Littafi Mai Tsarki da hantsi, da marece ƙwallo da waƙa. Ɗan birnin da bai taɓa jan guga ba, can zai koya.

Uwa mai rumfa a kasuwar Maradi ita ke ji a jikinta: kuɗin mota, rashin mai tsaron kaya, ga fargabar sauro. Amma Kiristoci kaɗan ne a Nijar. Ɗiyar da ita kaɗai ce Kirista a ajinsu, a can take samun tsararrakinta na Galmi da Damagaram, su yi waƙa tare.