Abubuwa bakwai masu ban mamaki game da hukuncin kisa

Tun zamanin da can ake kashe mai babban laifi, ko don ramuwa ko don na baya su ji tsoro. Ga kaɗan daga abin da tarihi ya adana.

1. A dokokin Sarki Hammurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), idan magini ya yi ha'inci har gida ya rufta ya kashe mai shi, maginin ake kashewa.

2. A farkon ƙarni na 19, laifuka fiye da 200 ne ke kai mutum ga igiya a Ingila, ciki har da satar kayan sule biyar a kanti.

3. A 1885 an kai John Lee wurin rataya a garin Exeter. Sau uku ana jan ƙarfe, katakon da yake tsaye a kai ya ƙi buɗewa. Sai aka mayar masa da hukuncin ɗaurin rai da rai.

4. A shari'ar Musulunci, magadan wanda aka kashe suna da ikon neman ƙisasi, ko karɓar diyya wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko su yafe don Allah.

5. A Najeriya, ko kotu ta yanke hukuncin kisa, sai gwamna ya sa hannu. Yawancin gwamnoni ba sa sawa, shi ya sa mutum fiye da 3,000 ke zaman jiran mutuwa a gidajen yari.

6. Shin yana rage kisan kai? A 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta duba nazarce-nazarcen shekaru fiye da 30, ta ce ba su isa hujjar cewa yana ragewa ko yana ƙarawa ba.

7. A Japan, sai safiyar ranar ake sanar da fursuna cewa yau ne. Iwao Hakamada ya zauna cikin wannan fargaba tun daga hukuncin da aka yanke masa a 1968 har aka sake shi a 2014, kotu kuma ta wanke shi a 2024, yana da shekara 88. Timothy Evans na Ingila bai samu wannan sa'ar ba. An rataye shi a 1950 kan kisan 'yarsa, daga baya aka gano maƙwabcinsa John Christie ya kashe mata da dama a gidan da suke zaune. Afuwa ta zo a 1966, yana kabari.

Alƙali mutum ne, yana iya kuskure, rai kuwa ba ya dawowa. Duk ƙasar da ta riƙe wannan hukunci, wajibi ne bincikenta ya kore kowane kokwanto kafin a taɓa ran ɗan Adam.